Tabon Yatsa a Gilashin Ciyaman

A kasuwar 'yan waya ta Funtua akwai wata al'ada da ba a rubuta ta ko'ina ba, amma kowa ya san ta kamar yunwar cikinsa. Duk Lahadin farko ta sabuwar shekara, bayan Kiristoci sun taso daga coci, Musulmi sun idar da azahar, sai a ja ƙofofin shaguna a hau ɗakin sama na ƙungiya, a jera benci, a zauna sauraren Ciyaman Marcellinus yana karanta hasashen shekara. Wato abin da zai yi tashe a duniyar waya da kwamfuta da manhaja daga Janairu zuwa Disamba. Guda goma yake kawowa, ba ƙari ba ragi, a buge a farar takarda. Idan ya gama a kaɗa ƙuri'a, abin da aka amince da shi kuwa shi ƙungiya ke bi har shekara ta zagayo.

Ba tsoronsa ake ji ba, a'a, mutumin yana da tarihi ne. Marcellinus ɗan ƙabilar Ibo ne da aka yanke wa cibiya a nan Funtua, Hausar bakinsa kuwa in ba ka ga fuskarsa ba sai ka rantse wani Bakatsine ne ke magana. Shi ne ya ce wa mutane su nemi na'urar cire kuɗi ta hannu tun ana yi mata kallon kayan wasa, kuma da aka shiga wahalar takardun kuɗi kowa ya ga amfanin maganarsa. To amma fa yana kuskurewa. Shekarar da ya ce agogon hannu mai ƙirga bugun zuciya zai cika gari, Mannir mai shagon bakin ƙofa ya cika shagonsa da su, ga su nan har yau a rataye suna kallon masu wucewa. Manomin da ya wuni yana huɗa ai ba ya neman agogo ya gaya masa zuciyarsa na bugawa. Sai dai mutane sun riƙe na'urar cire kuɗi, sun yafe agogo.

A cikin 'yan ƙungiya arba'in da wani abu, mace ɗaya ce ke riƙe sukundireba tana gyaran waya, ita ce Rukayat. Iyayenta Yarabawa ne 'yan kasuwa, a Malumfashi aka haife ta, aure ya kawo ta Funtua. Gajeruwa ce, ba ta da yawan dariya, kuma in ta san abu ta san shi, ba ta ɓoyewa don wani ya ji daɗi. Shekara uku ke nan ƙungiya ta bar mata ɗakin nan na sama duk ranar kasuwa. Tana shimfiɗa tabarmi, matan Mahuta da na Bakori da ƙauyukan kewaye su hawo da wayoyinsu. Ba komai ya sa suke hawowa ba illa a ƙasa cunkoson maza ne, kuma babu matar da za ta miƙa wa wani saurayi wayar da ke ɗauke da hotunan 'ya'yanta mata da sirrin gidanta, ya shige bayan kanta da ita. A sama kuwa sukan zauna su miƙe ƙafa, a gyara a gaban idonsu, a nuna musu inda za su taɓa.

Ana saura kwana huɗu taro Mannir ya tsegunta mata. Shi Mannir bakinsa ba ya riƙe ruwa. Ya ce na ɗaya a takardar Ciyaman ta bana shi ne shekarar rubuta manhaja ce da taimakon ƙirƙirarriyar basira, duk wanda bai iya zama gaban kwamfuta ya buga umarni ba duniya za ta wuce ta bar shi. Ya ce har wani kamfani a Abuja ya yi alkawarin kwamfuta shida, da sharaɗin a ba su ɗaki mai makulli, a kafe tebura, kada a shigo da wani aiki ciki. Ɗaki mai makulli kuwa guda ɗaya ƙungiya ke da shi. Ya ƙare da cewa gara ta fara naɗe tabarminta tun yanzu, don shekara goma sha ɗaya ana wannan taro ba a taɓa kayar da na ɗayan Ciyaman ba.

Rukayat ba ta ko ɗago daga wayar da take kwancewa ba. Ta dai tambaye shi ko har yanzu dokar nan tana nan, wadda ta ce duk mai hasashen da ya saɓa wa na Ciyaman yana iya miƙewa ya faɗa, muddin ya zo da hujjar da ido zai gani. Ya ce tana nan, sai dai ta yi tsatsa. Ta ce ba komai, tsatsa ai aikinsu ne.

Hujjarta kuwa tana ƙarƙashin tebur, cikin wani babban gwangwanin madara. Ka san gilashin nan da ake manna wa fuskar waya don kariya, wanda 'yan kasuwar ke ce wa gad? Kowa in ya ɓare tsoho shara yake jefawa, ita kuwa tarawa take yi. Ta daɗe da gano cewa idan ka hura wa tsohon gilashi hucin bakinka, sai ya yi hazo ko'ina, amma wurin da babban yatsa ya fi zama sai ya fito daban, zagaye, kamar sawun akuya a laka. Yatsan da ya wuni cikin ƙasa da taki da ɓawon masara kuwa ba ya wasa da gilashi. Ciyaman na karanta abin da mutanen ƙasashen waje suka rubuta a kan gobe, ita tana karanta abin da yatsun Mahuta suka rubuta jiya da shekaranjiya.

Ranar kasuwar da ta rage kafin taro, Uwa ta hawo tana haki. Uwa dattijuwa ce daga Mahuta, mai sayar da waken suya, ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, amma da wayarta take cinikin buhu ashirin da wani ɗan Bakori ba tare da ta taka tasha ba. Wayar ta cika ta ƙi karɓar saƙo, abin da ya kawo ta ke nan. Rukayat ta duba, saƙonnin murya ne fal, daga na ciniki har na jikanta da ke karatu a Zariya. Ta rage mata, ta sauya mata gilashi, ta hura wa tsohon huci. Tabon ya fito a ƙasa daga dama, daidai inda ake dannewa a yi magana. Ta jefa shi cikin gwangwani tare da 'yan'uwansa.

Uwa ta gyara mayafi ta ce ta ji ƙishin-ƙishin wai za a tashe su daga nan. Ta ce in har gaskiya ne to ita kam ta bar gyaran waya, don ba za ta tsaya cikin samari ana bangaje ta da furfurarta ba.

"Inna," in ji Rukayat, "kafin a naɗe tabarmar nan sai an ji bakina. Ki zo kasuwa mai zuwa, nan za ki same ni."

Gilashi ɗaya ne kawai ba ta sa cikin gwangwanin ba. Yana cikin jakarta, naɗe a takarda, kuma na Ciyaman ne. Da daminar da ta wuce wayarsa ta suɓuce ta faɗa kwata. Mutumin da ke da yaran shago masu gyara har uku, sai ga shi da kansa a gaban teburinta. Bai damu da lambobin dilolinsa na Onica ba, bai damu da hotuna ba. Abu ɗaya ya roƙa, ta ceto masa hirarsa da matarsa Chinecherem, wadda duk kasuwa ke kira Maman Obioma, wadda ta rasu shekara biyu da suka wuce bayan gajeriyar jinya. Rukayat ta yi kwana biyu a kan wayar har Allah ya ba ta sa'a. Da ta zo sauya gilashin ta hura masa huci bisa sabo, sai ta ga tabonsa ba a dama yake ba, a hagu yake, daidai inda ake danna saƙon murya na ƙarshe na marigayiyar don a saurara. Ya cinye gilashin har ya yi kaushi. Tausayinsa ya kama ta ƙwarai, ta naɗe shi ta adana, ba ta gaya wa kowa ba, ko mijinta.

Ranar Lahadi ɗaki ya cika maƙil. Ciyaman ya miƙe cikin farar shadda, ya gyara tabarau, ya fara daga na goma yana gangarowa, don haka yake yi ya ja ran mutane. Ya yi maganar waya mai naɗewa kamar takarda, da tabarau mai nuna hanya, da shagunan da ba mai jira a ciki. A nan wani ya ce a Funtua kam a gwada a gani, aka bushe da dariya. Shi ma ya yi dariyar, sannan ya iso na ɗaya. Ya faɗe shi da ƙarfin zuciya, kuma wallahi ya iya magana. Ya ce 'ya'yansu ba za su ƙare a liƙa gilashi ba, su ma sai sun ƙera manhaja kamar 'ya'yan kowa. Ya ce ɗakin nan zai zama makaranta. Bai kalli Rukayat ba sa'ad da ya ce sauran harkokin da ake yi a ciki sai a yi haƙuri.

Aka tafa. Mannir, wanda shi ne magatakarda, ya yi tambayar al'ada da ba a taɓa amsawa ba, ko akwai mai ja. Bai ma rufe baki ba ya ji ƙarar gwangwani a kan tebur.

Rukayat ba ta yi doguwar gaisuwa ba. Ta ce ita ba ta ja da Ciyaman a kan cewa ƙirƙirarriyar basira ce za ta yi tashe bana, wannan ko makaho ya shafa ya ji. Inda ta rabu da shi shi ne ƙofar da abin zai shigo musu. Ta ce ba ta madannan rubutu zai shigo ba, ta baki zai shigo. Manhajar da za ta ci kasuwar Funtua da Malumfashi bana ita ce wadda za ka yi wa magana da Hausa ta ji, ta amsa maka da Hausa. Ta ce masu wayar da ke ciyar da kasuwar nan sun riga sun tsallake rubutu, ba su taɓa tsayawa a kansa ba ma, kuma mutanen da ake shirin kora daga ɗakin nan su ne suka fi kowa nisa a hanyar da duniya ta nufa.

Aka yi gunaguni. Wani ya ce to ina hujja. Ta juye gwangwanin, gilasai suka zube kamar an zazzage ɓawon kifi, sun fi ɗari biyu. Ta ce kowa ya ɗauki wanda ya ga dama, kada ita ta zaɓa masa, ya hura masa huci ya ɗaga wajen taga.

Sai ka ga manyan maza, masu gemu da masu tumbi, kowa ya tura baki yana hura gilashi. Na farko ya ce ga shi nan a ƙasa daga dama. Na biyu ya ce nasa ma. Wani ya ajiye ya ɗauki wani, ya sake ɗaukar wani, yana neman wanda zai ƙaryata ta, bai samu ba. Ta ce to yanzu kowa ya fito da wayar aljihunsa. Nan fa ɗaki ya ruɗe, domin su kansu masu gyaran, da suka iya karatu, tabon nasu yana wuri ɗaya da na Uwa mai waken suya. Gani ya kori ji. Rukayat ta tsaya riƙe da ƙugu tana kallonsu, zuciyarta fes, ta san ɗaki ya dawo hannunta.

Mannir ne ya ɓata lamarin, kuma ba da mugunta ba, shi dai ba ya iya ganin raha ya ƙyale. Wayar Ciyaman na kan tebur kusa da takardar hasashe. Kafin mai ita ya ankara ya sure ta, ya hura, ya ɗaga sama. Ya duba, ya sake hurawa.

"Jama'a, na Ciyaman daban ne," in ji shi. "Gefen dama tas yake. Nasa a hagu yake."

Kamar an juya akalar raƙumi, haka ɗakin ya juya. Wani ya ce to ai ga magana, mai ilimi ba ya danna wurin surutu. Wani ya ce yatsan wanda ya san gobe ai shi za a bi, ba yatsun ƙauye ba, tunda abin da manya ke yi yau shi ƙanana za su yi gobe. Aka yi ta cewa haka ne, haka ne. Mannir ya miƙo mata wayar yana murmushi, ya ce tunda ita ce malamar karatun gilashi, to ta karanta musu wannan.

Rukayat ta karɓa. Amsar tana kan harshenta, jimla ɗaya ce tak, kuma ta san in ta faɗe ta an gama, domin babu hujjar da ta kai a ce shi kansa mai hasashen murya ce ke riƙe da shi. Ta tuna Uwa da hakinta a kan matakala. Ta ɗago ta dubi Ciyaman. Mutumin da ya cika ɗaki da magana ɗazu ya cire tabarau yana goge shi da bakin riga, yana ta gogewa, ya kasa kallon kowa. Ranta ya ɓaci, da Mannir, da kanta, da ma gwangwanin. Amma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ta sa gefen mayafinta ta share hazon, ta ajiye wayar a gaban mai ita.

"Wannan ba zan karanta ba," ta ce.

Aka ce ta kasa. Wasu suka yi dariya, wasu suka ji kunya a madadinta. Ta koma ta zauna a ƙarshen benci, ta sa hannuwa a cinya, tana jin ɗakin na zamewa daga hannunta, kuma ba ta yi nadama ba, sai dai abin ya yi mata ciwo. Mannir ya ce masu goyon bayan na ɗayan Ciyaman su ɗaga hannu. Hannuwa suka fara tashi.

"Ku sauke," in ji Marcellinus.

Bai ɗaga murya ba, amma aka sauke. Ya ɗauki wayar, ya buɗe, ya sa babban yatsansa daidai kan tabon nan ba tare da ya duba ba. Sai muryar mace ta cika ɗakin, tana haɗa Ibo da Hausa yadda ta saba. Cewa take in zai dawo ya biya ta bakin tasha ya sayo tumatir, kuma kada ya yarda a cika masa kwano da ruɓaɓɓu a ƙasa, don ta san shi, da an kira shi Ciyaman sai ya manta da ciniki. Sai ta yi dariya, saƙon ya ƙare.

Babu wanda bai gane muryar ba. Rabin mutanen ɗakin sun ci shinkafar Kirsimetinta, sauran rabin ta ci naman Sallarsu. Mannir ya sunkuyar da kai, biron hannunsa ya faɗi bai ɗauka ba.

"Kullum da safe kafin in buɗe shago," in ji Marcellinus. "Shekara biyu. Akwai rubutunta da yawa a wayar nan, ban taɓa komawa na karanta ko ɗaya ba. Rukayat ta san wannan tun damina. Ta gwammace ta rasa ɗaki da ta faɗa."

Ya jawo farar takardarsa, ya karɓi biro a hannun na kusa da shi, ya ja layi a kan na ɗaya. Ya ce a rubuta na Rukayat a wurin, da sunanta, don shekara goma sha ɗaya yana leƙen gobe ta tagar wasu alhali amsar na cikin aljihunsa. Ya ce zai kira mutanen Abuja da kansa, in sun yarda kwamfutocinsu su zauna jikin bango tabarmi na tsakiya, a koya wa yara ƙera abin da zai ji maganar su Uwa, to bismilla, in ba su yarda ba su riƙe kayansu. Makullin ɗakin kuwa ya ciro shi daga aljihu ya ajiye kan tarin gilasan. Aka kaɗa ƙuri'a don cika al'ada, Mannir ne ya fara ɗaga hannu.

Da aka watse Rukayat ta tsaya tana mayar da gilasanta cikin gwangwani. Ciyaman ne na ƙarshen fita. Ta kira shi, ta buɗe jaka, ta miƙa masa ɗan ƙunshin takardar nan, ta ce ajiyarsa ce tun damina. Ya warware, ya juya tsohon gilashin a hannunsa, ya gane shi. Ya matsa wajen taga ya hura masa huci a hankali, tabon ya fito a hagu, daidai inda ya bar shi.